Ɗantsoho da Saƙar Zumar Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa shan shayi a bakin tashar Sule Tankarkar ya san Ɗantsoho, ko bai ga fuskarsa ba ya ji muryarsa. Mutum ne da Allah ya hore wa baki bai haɗa masa da birki ba. Ba a taɓa kawo zancen wani abu a duniya ya ce bai sani ba. In jirgin sama ne, ya taɓa ba wani matuƙi shawara. In ciwon ƙoda ne, shi ya fara gano shi a jikin wani makiyayi tun likita bai iso ba. Sana'arsa ta gaskiya dillancin awaki ce ranar kasuwa, sauran kwanakin kuwa hutawa yake yi daga gajiyar da bai yi ba.

Mutum ɗaya ke iya tare shi, Muntaka mai sayar da buhunan wofi, ɗan gwaggonsa. Taubasai ne, saboda haka duk abin da Muntaka ya yaɓa masa sai dai ya haɗiye, ba fushi ba kai ƙara. Muntaka kuwa bai taɓa barin wannan dama ta kwana ba.

Cikin tulin cika bakin Ɗantsoho akwai ɗaya da ba ƙarya ba ne. 'Yarsa Rumaisa tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun injiniya. Tun watanni kafin bikin yaye ɗalibai ya ɗinka babbar riga mai aska takwas, ya ninke ya sa a akwati, kullum sai ya buɗe ya shinshina ya mayar. Ko gaisuwa ka yi masa, amsar ba ta wuce, "Lafiya lau, ai bana Injiniya za ta gama."

Wata Juma'a Injiniyar ta zo hutu rungume da wani kwali kamar mai ɗauke da jariri. Bayan la'asar ta buɗe shi a tsakar gida a gaban iyayenta. Ƙarafa ne guda huɗu, kowanne bai fi ƙaramin burodi ba, duk jikinsu ramuka masu kusurwa shida a jere, sak saƙar zuma. A gefen kowanne ta zana kibiya da jan alƙalami. Ɗantsoho ya ɗauki ɗaya, ya ji shi sakayau.

"Wane maƙeri ne ya cuce ki? Wannan ai rabinsa iska ce."

"Ba ƙera shi aka yi ba, Baba, buga shi aka yi. Akwai wani inji da ke shimfiɗa garin ƙarfe siriri, sai wani haske mai zafi ya bi zanen da na yi a kwamfuta ya narkar da inda ake so. A sake shimfiɗa gari a kai, a sake bi, hawa-hawa har ya tashi."

"Na sani," in ji Ɗantsoho. "Dama ina gwada ki ne."

"Aikin da zan gama karatu da shi ke nan. Zan sa kowanne a injin matsa in ga nauyin da zai ɗauka kafin ya fara lotsawa, da yadda yake lotsawar. In aka danne shi ta inda kibiyar nan ta nuna, ramukan na kallon sama, guda ɗaya zai iya ɗaukar mota. In kuwa ta gefe aka..."

Daga nan Ɗantsoho bai ƙara jin komai ba. Kunnensa ya tsaya a kan mota, ya kafa tanti a wurin. Rumaisa ta ci gaba da bayani, yana ta gyaɗa kai yana kallon bango yana murmushi.

Hannatu, matarsa, ita ta ji sauran. Ta ji cewa injin matsa na makarantar ya lalace ana jiran gyara, kuma bara masu shara sun haɗa na wani ɗalibi da tarkace sun sayar wa 'yan gwangwan, shi ya sa ta taho da nata gida. Ta ji cewa sau ɗaya tak ake matse kowanne, in ya lotsa ba ya dawowa. Ta kuma ji cewa injin da ke bugawa ɗaya ne, layi ake bi, in waɗannan huɗun suka lalace to sai baɗi.

"Ka dai ji, Malam," in ji Hannatu tana kallonsa ta wutsiyar ido.

"Ni za ki gaya wa darajar ilimi? Duk wanda ya taɓa kwalin nan a gidan nan sai ya haɗu da ni."

Kashegari Rumaisa ta wuce Gumel wurin yayarta Balkisu da ta haihu, za ta zauna har bayan suna. Ƙurar motar da ta ɗauke ta ba ta gama kwantawa ba Ɗantsoho ya haɗu da kansa a gaban kwalin. Ya zare guda ɗaya ya jefa a aljihu. Nunawa kawai zai yi ya dawo da shi, abin da ke ɗaukar mota me kallo zai yi masa?

A teburin Usaini mai shayi ya ajiye shi tsakanin gwangwanin madara da na sukari, ya koma ya harɗe.

"Wannan kuma fa?" in ji Muntaka. "Matatar koko ka sato wa Hannatu?"

"Jahilci dai bai yi ba. Wannan ƙarfe ne da aka buga da haske. Ni da Injiniya muka zauna muka tsara shi. Ita ta riƙe kwamfuta, ni na ba da fasali."

"Kai da ko layin kunya ba ka iya ja daidai a gona ba?"

"Ka manta na yi kiwon zuma a Ɗanzomo? Duk ƙasar Gumel ba wanda ya san cikin amya kamar ni."

"Na tuna. Ni na kai ka wurin mai ɗori."

Aka kwashe da dariya. Ɗantsoho ya miƙe, ya ajiye ƙarfen a ƙasa yadda ya ga Rumaisa ta ajiye shi, ramuka na kallon sama, ya ce duk mai ƙarfin hali ya hau. Usaini ya hau da ƙafa ɗaya, ba abin da ya faru. Wani mahauci mai tumbi ya hau ya yi tsalle, shiru. Aka ɗora katako, ɗan acaɓa ya bi ta kai da goyon mutum biyu da buhun gero. Da aka ɗaga katakon, shi ne ya fito da tambarin ramuka, ƙarfen kuwa ko gezau. Wurin ya ɗauki sowa, samari suka ciro wayoyi suna ɗauka. Ɗantsoho ya zagaya teburin kamar ɗan dambe da ya yi kisa.

"Muntaka, ina bakin?"

"Yana nan. Ina jiran ka gama ne."

Da mutum ne mai hankali, da ya mayar da abin mutane a kwali ya yi wa Allah godiya. Amma Ɗantsoho ya ɗanɗana tafi, kuma tafi a wurinsa ya fi tuwo. Kwana biyu bayan nan ya tafi Gagarawa duba wasu awaki, ƙarfen na aljihunsa kamar laya. A Gagarawa Tasha ya tarar da wata a-kori-kura shaƙe da riɗi ta yi faci, jak ɗin sai nutsewa yake yi cikin laka. Ya ratsa taron yana cewa a ba injiniya hanya. Ya sa ƙarfen a kwance a ƙarƙashin jak, aka ɗaga mota, aka canza taya, direba ya riƙe hannunsa da hannu biyu yana sa albarka. Sai dai da aka zo ciro ƙarfen, ya shige laka har ya ɓace, sai da aka haƙo shi da fartanya. Ya fito kowane rami cike da taɓo da baƙin mai.

Ya dawo gida ya laɓe a bayan rumbu da toka da yashi da soson ƙarfe, ya dirje shi kamar gindin tukunya. Ya fita fes, yana ƙyalli. Sai da ya jera shi kusa da 'yan'uwansa ya lura jar kibiyar nan ta bi toka. Ya tsaya ya yi nazari irin nasa. Uku da kibiya, ɗaya babu, ai Rumaisa na buɗewa za ta gane. Sai ya kwashi ukun ya koma bayan rumbu ya dirje su su ma. Da ya gama duk huɗun sun zama iri ɗaya, ya yaba wa kansa ƙwarai da wannan basira.

Can labari ya riga shi isa Maigatari. Alhaji Abdulƙahhar, babban dillalin shanu, mutum mai jiki wanda kujerar roba ɗaya ba ta ɗaukarsa sai an haɗa biyu, ya daɗe yana ƙorafin dandamalin da ake lodin shanu a kai, wai kowace damina sai katakonsa ya ruɓe. Ya aiko a tambayi Ɗantsoho ko gaskiya ne ƙarfen nasa na ɗaukar mota.

"Mota?" in ji Ɗantsoho ga ɗan saƙon. "Wa ya rage masa daraja? Ka ce wa Alhaji ranar Alhamis ya tanadi san da ya fi kowanne girma a kara. Zan kafa dandamali a kan ƙarafa huɗu, in ya ga aiki sai mu yi maganar kwangila."

A ransa ya riga ya gama gini. Ya ga kamfani a bakin iyaka, ya ga allo da sunansa, ya ga Muntaka a bakin ƙofa da hular maigadi.

Ranar Alhamis da sassafe Hannatu ta fito ta tarar da shi yana kwance ƙyauren ƙarfe na zaure.

"Malam, lafiya? Ƙofar gidan za ka kai kasuwa?"

"Aro na yi, da la'asar za ta dawo."

"A wurin wa ka ara?"

"A wurin maigidan."

Ta shiga ɗaki ta ɗaga kwalin Rumaisa, ta ji da nauyi, hankalinta ya ɗan kwanta. Sai da motar da ya hau ta tashi zuciyarta ta ƙi amincewa, ta koma ta buɗe. Sabulun wanki ne sanda huɗu a jere, har ya lulluɓe su da tsumma don kada su ji sanyi. Ta yi salati, ta ɗauki waya ta kira Gumel. Tana cikin magana awakin maƙwabta suka shigo ta inda ƙofa take a da suka nufi shanyar gero.

Kasuwar Maigatari ta cika ta batse. Shanu, raƙuma, buhunan kanwa, mutanen Damagaram da rawunansu, ga masu waya sun yi da'ira tun kafin a fara. Ɗantsoho ya zaɓi wani daɓen siminti kusa da kwatamin da ruwan shayar da dabbobi ke gangarawa, inda ya haɗu da abin da dabbobin ke mayarwa. Ya sa babbar rigar bikin Rumaisa, wai ai yau ma biki ne. Muntaka ya biyo shi tun daga gida, ya ce ko bashi zai ci ba zai rasa wannan kallo ba.

Ɗantsoho ya jera ƙarafan a kusurwa huɗu a kwance, ya ja da baya ya duba. Sun yi ƙasa da yawa, na baya ba za su ga komai ba. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tayar da su a kan gefensu, ramukan suka koma kallon jama'a, kana hango ƙafafun mutanen wancan ɓangaren ta ciki.

"Dakata," in ji Muntaka. "A wurin Usaini a kwance ka sa shi."

"Wancan wasan yara ne. Ka taɓa leƙa amya?"

"Na taɓa ganin wanda ya leƙa."

"To saurara ka ƙaru. Ƙudan zuma ba ya shimfiɗa saƙarsa kamar tabarma. A tsaye yake rataye ta, ramuka na kallon gefe. Haka Allah ya koya masa. Kai ka fi ƙudan zuma sani ne?"

Jama'a suka ce wallahi gaskiya ne, haka saƙa take a amya. Wani dattijo ma ya ce shi shaida ne. Ba wanda ya tuna cewa ƙudan zuma bai taɓa ɗora sa a kan tasa ba.

Aka ɗora ƙyaure, aka jera katakai a kai, aka kawo buhunan kanwa aka tsara a gefe guda. Ƙarafan ba su ce komai ba. Aka jawo wani bajimin sa fari mai tozo kamar tulu, ya hau yana huci. Shiru. Ɗantsoho ya ɗaga hannuwa sama, aka yi tafi.

Wani Badamagare mai suna Shehu ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya yi tambaya da Hausarsu mai surkin Faransanci, inda mushe ke nufin malam. "Mushe, wannan abu zai ɗauki kamyo, babbar motar kaya?"

"Kamyo da direbansa da surukar direban. Alhaji, bisimilla, a kawo kujerun Alhaji!"

Alhaji Abdulƙahhar ya yi ɗan jim, amma idon jama'a na kansa. Aka haɗa masa kujeru biyu a tsakiya, aka tallafa masa ya hau ya zauna, ya gyara hula. Ɗantsoho ya haye kusa da shi ya buɗe murya.

"Jama'ar Najeriya da ta Nijar! Abin da kuke gani a ƙarƙashinmu ba a taɓa yin irinsa ba tun daga nan har Legas. Duk mai shakka ya hau! Muntaka, hau!"

"Ni ba na shakka. Na tabbata."

Masu shakka kuwa suna da yawa a Maigatari. Mahauta suka hau, 'yan kamasho suka hau, wani mai tallan agogo ya hau da allonsa. Ana cikin haka sai aka ji wani ɗan sauti daga ƙasa, ƙas, kamar an taka busasshen kara.

"Mene ne wannan?" in ji Alhaji.

"Gyara zama yake yi, ranka ya daɗe. Kowane sabon abu sai ya gyara zama."

Ƙas. Ƙas-ƙas.

Shehu da ke durƙushe ya ce, "Mushe, layin ramukan tsakiya ya rufe ido."

"Ƙyafta ido yake yi, zai buɗe."

Bai buɗe ba. Abin da ya ba kowa mamaki, ƙarfen bai karye ba, bai kuma fashe ba. Layi ɗaya na ramuka ya lanƙwashe a hankali ya kwanta, aka ɗan tsaya, na kusa da shi ya bi, kamar sahun masallata na tafiya sujada. Dandamalin ya riƙa sauka sannu-sannu cikin ladabi, Ɗantsoho na jawabi yana gajarcewa. Da saukar ta ɗan tsagaita ya buga ƙafa.

"Kun gani? Ya tsaya! Yanzu ya kama ƙasa. A ƙaro mutum biyar!"

Aka ƙaro, har da riba. Su kuwa sababbin hawa duk suka taru a kusurwar da ke kusa da kwatami, don nan ne inuwa take. Ƙarfen wannan kusurwa ya karɓi baƙi, ya shiga rufe layukansa ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, har ya zama ba sauran ramin da zai rufe. Ƙyauren ya karkata. San ya ji ƙasa na gudu a ƙarƙashinsa, ya yi abin da kowane sa ke yi in ya tsorata, ya saki fitsari mai yawa a kan katakai. Daga nan kuma ya matsa ɓangaren da ya yi ƙasa, ƙarfe na biyu ma ya fara ƙas-ƙas.

"Kowa ya tsaya inda yake!" in ji Ɗantsoho. "Wannan duk cikin gwajin ne!"

Buhun kanwa na sama ne ya fara ƙin bin umarni. Ya gangaro ya share ƙafafun mai agogo, mai agogo ya rungumi mahauci, mahauci ya kama wutsiyar sa. San ya zabura ya yi gaba, dandamalin ya koma ɗaya gefen, sauran ƙarafa biyun suka karɓi rabonsu a lokaci ɗaya. Kujerun Alhaji suka kama hanya a kan jiƙaƙƙen katako, ba sauri ba tsayawa, shi kuwa yana zaune daram riƙe da carbi yana ta "Subhanallahi, subhanallahi," har suka sauke shi cikin kwatami a zaune, ruwa iya cibiya. Ɗantsoho ya miƙa hannu zai cece shi, Alhaji ya kama hannun babbar riga, aska takwas ɗin ta bi shi da mai ita a ciki.

Kasuwa ta kaure. Raƙuma na kuka, mata masu fura na riƙe ciki, masu waya na ture juna. Muntaka ya zauna a ƙasa dirshan, dariya ta hana shi numfashi, sai nuna kwatamin yake yi da yatsa yana share hawaye.

Ɗantsoho ya taso, koren ruwa na zuba daga hularsa, ya tofar da abin da ya shiga bakinsa, ya dubi jama'a.

"Wa ya karye? Ku duba, wa ya karye? Ba kowa! Da katako ne da yanzu ana ɗori. Wannan shi ne aikinsa, ya sauke mutum a hankali. Alhaji, ka ji zafi?"

"Ban ji zafi ba," in ji Alhaji daga cikin kwatami. "Wari nake ji. Ku fitar da ni in ga wanda zai hana ni kashe mutumin nan."

A daidai nan wani ɗan acaɓa ya ratso taron ya tsaya. Rumaisa ta sauko, da lallen suna a hannunta, mayafinta duk ƙurar hanyar Gumel. Ba ta dubi mahaifinta ba. Ta sa aka ɗaga ƙyauren, wanda ya lanƙwashe kamar kwasfar kankana, ta tsuguna ta tsince su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya koma kamar gwangwanin da tirela ta bi ta kai. Ta juya ɗaya a hannunta tana neman wani abu.

"Ina kibiyoyin da na zana?"

"Ai... na wanke miki su ne. Sun yi datti."

"A tsaye ka sa su, Baba?"

"Yadda ƙudan zuma ke yi. Injiniya, gaya musu, ai kin ce zai ɗauki mota."

"Na ce in ramukan na kallon sama. Ta nan bangon kowane rami ke tsaye kamar ginshiƙi. Ta gefe kuwa ninkewa yake yi, na gaya maka."

"To ai ga shi na yi miki gwajin kyauta! Injin makarantarku ya lalace, ni na kawo sa da Alhaji. Sai ki rubuta abin da kika gani."

"In rubuta me? Nauyin sa nawa? Nauyin Alhaji nawa?"

"Kada a sa ni a ciki," in ji Alhaji, ana matse masa riga.

Wasu suka yi dariya, amma ta mutu da wuri, don sun ga fuskar yarinyar. Ta ƙulle ƙarafan a bakin mayafinta, idonta ya kawo ruwa, ta danne. Ta yi magana a hankali, amma na kusa duk sun ji.

"Baba, shekarata ce ka hau kai ka yi jawabi."

Ɗantsoho ya buɗe baki. Mutanen Sule Tankarkar da ke wurin suka miƙa wuya, don ba su taɓa ganin ya buɗe shi ba abin da ya fito ba. Ya rufe. Kunya ta kama shi tun daga hula har takalmi, irin wadda ruwan kwatami bai sa shi ji ba. Ko Muntaka ya daina dariya, ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya je ya tsayar wa Rumaisa mota.

Abokan karatunta suka gama a bana, ita ta koma layin inji. Hannatu ta wanke babbar rigar har sau ba adadi, amma ko yaushe aka buɗe akwati sai Maigatari ta gaishe ka. Ƙyauren zaure ya dawo bisa alkawari, sai dai ba ya rufuwa, awakin maƙwabta har yau ba sa sallama. Ɗantsoho ya yi makonni bai leƙa teburin Usaini ba. Ranar da ya dawo, wani baƙo da bai san zancen ba ya tambaye shi yaushe ne bikin Injiniya.

"Baɗi," in ji shi. Ya kurɓi shayi, ya ji bakin ya ɗan warware. "Jami'ar ce ta roƙe ta ta ƙara shekara. Ba sa son rabuwa da ita."

Usaini ya ƙara masa sukari.

Da hutun babbar Salla ya zo, Ɗantsoho na zaune a teburin ya hango Rumaisa ta sauko daga mota rungume da sabon kwali. Ya miƙe da sauri yana gyara hula, ya miƙa hannu biyu zai karɓa. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta tambayi lafiyarsa da ta gida, ba abin da ta rage na ladabi. Sannan ta miƙe ta wuce hannuwansa ta ajiye kwalin a cinyar Muntaka.

"Baffa, ga ajiyar. Sai ranar da zan koma."

"Ba komai, 'yata. A ƙarƙashin gadona zai kwana."

Ta ɗauki jakarta ta nufi gida. Ɗantsoho ya tsaya da hannuwa a miƙe har sai da ya ga ana kallonsa, ya mayar da su aljihu. Ya koma ya zauna, ya matso kusa da taubashinsa kaɗan-kaɗan, ya rage murya yadda ba a taɓa jin ya rage ba.

"Muntaka, don zumunci. Buɗe in gani kawai. Ba zan taɓa ba."

Muntaka ya ɗora hannu biyu a kan kwalin.

"Injiniya ta yi mini waya tun jiya. Ta ce ko da ido kada in bari ka danne su."